Wari Nawa, Wari Nasa

Litinin, 8 ga Janairu, da safe

Siki biyu ne, allunan nan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya a kan dusar ƙanƙara, jingine a barandata, kuma ba 'yan'uwan juna ba ne. Ɗaya shuɗi, gajere, nawa. Ɗaya baƙi, ya fi ni tsawo, na mijina Wendell. Tun da na tashi nake leƙa su ta tagar kicin, kamar za su yi min bayani.

Laifin al'adarmu ne. Duk wanda ya tashi a gindin dutsen nan ya san ba a jingina siki biyu iri ɗaya a ƙofar gidan abinci a shige ciki. Ɓarawo zai saɓa su a kafaɗa ya yi gaba, wa zai tambaye shi? Sai ka haɗa warin naka da warin wani naka, ku jingina biyu a nan, biyu can nesa. Ba ɓarawon da zai wahalar da kansa a kan siki wari-wari. Shekara talatin da wani abu ni da Wendell muna haka. Ko magana ba ma yi, hannu ne kawai ke miƙawa.

Jiya a gidan abincin bai ƙarasa miyarsa ba. Ya ajiye cokali, ya ɗauki hula, ya fita. Na zaci iska zai sha. Da na fito, biyun da ke kusa da ƙofa ba sa nan, a-kori-kurarmu ma ba ta nan. Ƙanwarsa Glenda ce ta kawo ni gida da ragowar biyun.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, ya lura kuwa? Mutum ya saɓa dogo da gajere a kafaɗa, ya ratsa filin motoci tun daga farkonsa har ƙarshe, a ce bai ji ba?

Takalmina ba ya zama a maɗaurin nasa, kuma ba a zamiya a kan dusar ƙanƙara da ƙafa ɗaya. In yana son nasa, sai ya dawo gida. In ina son nawa, sai na kira shi. To, sabon siki nake bukata. Abin da zan rubuta ke nan.

Talata, 9 ga Janairu, da rana

Na sauko da mujallar kayan zamiya ta bana daga saman firji, na kuma buɗe kwamfuta. Ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan a duniya: a ba su siki sabo fil, su hau dutse su sauko, su zauna su rubuta yadda suka ji, a biya su. Ina nake aka raba wannan aikin?

Ban taɓa zaɓar siki ba. Sai yau na gane haka, ina da shekara hamsin da tara. Wendell ne zai shigo wata rana da kaka ɗauke da dogon kwali, ya ce, "Ga naki," in ce na gode. Haka motar. Haka fentin ɗakin kwana.

Masu sharhin nan suna maganar siki kamar masu gulmar maƙwabta. Wannan mai haƙuri ne, ko ka yi kuskure zai rufa maka asiri. Wancan mai son wasa ne. Akwai wani ja da suka ce ba ya shiri da matsoraci, in ka yi sanyin ƙafa zai tafi da kai inda ya ga dama. Na karanta labarinsa sau biyu, don jin gulma kawai.

Alhamis, 11 ga Janairu, da yamma

Bai kira ba. Siriri ko faffaɗa? Sun ce siriri ya fi kama ƙanƙara mai tauri, faffaɗa ya fi yawo a kan sabuwar dusa mai laushi. Me ya sa ba wanda ya iya duka biyun?

Juma'a, 12 ga Janairu, da hantsi

Wata mata mai zaƙin murya ta bugo daga ofishin dillalan gidaje. Wai yaushe za ta zo ta auna ɗakuna ta ɗau hoto, Mista Pashko, wato mijina, ya ce kowace rana a makon nan ta yi. Na ce mata ta yi kuskuren lamba. Ta karanto min lambar, tamu ce. Na ce duk da haka.

Tsawon siki: sun ce ya tsaya tsakanin haɓa da goshi. Na tsaya kusa da shuɗina na auna, ko haɓata bai kai ba.

Asabar, 13 ga Janairu, bayan abincin rana

Glenda ta zo da burodin da ta gasa. Ta tsaya a baranda tana kallon sikin nan biyu, ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Noreen, wannan ai hoton aurenku ne. Dogo mai taurin kai da gajeriya mai taurin kai."

"Shigo ki rufe min ƙofa, ɗumi na fita."

Ta ce yana garin Cranbrook, a gidan abokinsa Murray, suna cin waken gwangwani safe da yamma kamar 'yan gudun hijira. Na ce Allah ya ƙara musu. Sai da na zuba mata kofi sannan na tambaya, ina kallon buta.

"Me ya ce?"

"Ya tambaya ko an kwashe dusar da ke rufin gareji."

"Shi ke nan?"

"Wendell fa muke magana. Wannan a wurinsa ai waƙar soyayya ce. Ki ɗaga waya mana, don Allah."

"Tasa wayar miya ta faɗa?"

"Ni dai ina teburin nan, da kunnena na ji. Bai kyauta ba, a ce a gaban mutane za ki fara jin zancen sayar da gida. Amma ke ma abin da kika mayar masa, haba Noreen."

"Glenda, me kika sani game da sikin da ake sa wa ƙarfe a ciki?"

Ta dube ni ta girgiza kai, ta yanka burodin da kauri yadda yayanta ke so, ta tura min.

Litinin, 15 ga Janairu, da yamma

Na je shagon Rudy Sawchuk, mai sayar da kayan zamiya. Tare muka yi makaranta, tun lokacin bakinsa ba shi da birki.

"A'a, Noreen! Na ji an yi miki rabin sata."

"Siki na zo saye, Rudy."

Na jero masa sunayen da na haddace daga mujalla, ina jin kaina kamar wata gwana. Ya saurara, sannan ya tambaye ni wace irin zamiya nake yi. Gudu ko a hankali? Doguwar kwana ko gajeriya? Fili, ko cikin itatuwa? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Bayan Wendell."

Bai yi dariya ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi.

Ya ce in ara in gwada tukuna, yana da na gwaji. "Amma ki sani, ranar da na huda sabo na kafa masa maɗauri daidai takalminki, ya zama naki. Ba ya dawowa shagon nan, ko da kuka."

A hanyar gida na yi ta tambayar kaina. Gudu ko a hankali? Da gaske ban sani ba, kuma abin mamaki, rashin sanin bai ba ni tsoro ba. Ya ba ni sha'awa.

Laraba, 17 ga Janairu, da safe

Dusa ta zuba har gwiwa. Na kwashe ta rufin gareji, ba don an tambaya ba. Na shigo da warin Wendell cikin gida saboda sanyi, sai na tuna siki ne, don sanyi aka yi shi. Na mayar da shi waje. Na sake shigo da shi.

Asabar, 20 ga Janairu, da la'asar

Na gwada mai haƙurin nan, wanda masu sharhi suka ce ya dace da "matan da suka manyanta kuma suke son sauƙi". Wanda ya rubuta wannan, ina so in gan shi da idona. Sikin dai ba shi da laifi. Kamar shan ruwan ɗumi ne.

Abin da ya ɗaure min kai wani ne daban. A kwanar da busasshen itacen nan yake, inda Wendell ke tsayawa kullum har in iso, na tsaya. Ba kowa a wurin. Ƙafafuna ne suka taka birki ba su shawarce ni ba. Na tsaya ina zare ido, wasu yara suka wuce ni fuu, ɗaya ya waiwayo ya ce ko lafiya, Madam. A kwana ta gaba ma haka. Yaushe ƙafa ta koyi wannan? Kuma ya ake sa ta manta?

Da rana na isa ƙofar gidan abinci na tuna ba ni da wanda zan haɗa wari da shi, ga sikin na Rudy ne. Na sayo burodi da nama, na ci a tsaye a waje kusa da su, kamar mai gadi. Ta taga na hango teburinmu. Wasu baƙi ne a kai, suna ta dariya.

Lahadi, 21 ga Janairu, da safe

Kofi biyu na zuba. Na shanye duka.

Talata, 23 ga Janairu, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Na koma wurin Rudy neman mai son wasan, ya ce wani ya riga ni. Abin da ya rage daidai ni sai jan nan, wanda ba ya shiri da matsoraci. Ya kai min goshi. Rudy ya ce, "In ya kayar da ke, ban san ki ba." Na ce dama can.

A lanƙwasa biyun farko na ɗauka yau sai asibiti. Ina ja baya, shi yana ja gaba, muna ta kokawa. Sai na ji haushi. Na ce to, ɗan banza, mu je. Na kwanta masa da gaba, na danna bakinsa cikin ƙanƙara, sai ya kama kamar an zana masa hanya. Iska ta shiga yi min kuka a kunne. Ban ga busasshen itacen ba. Sai da na iso ƙasa na tuna akwai shi.

Na tsaya a gindin dutse ina dariya ni kaɗai, hawaye na daskarewa a kumatuna. Gudu nake so. Ashe gudu nake so! Shekara nawa ƙafafun nan suna ɓoye min? Ko ni ce ban taɓa tambayarsu ba?

Mutum ɗaya nake so in ba wa labarin nan, kuma yana Cranbrook yana cin wake. Na yi kewarsa yau fiye da kullum, ina kuma jin haushinsa fiye da kullum. Ban san yadda biyun suke zama a ciki ɗaya ba.

Alhamis, 25 ga Janairu, da rana

Glenda ta bugo.

"Zai zo ranar Asabar."

"Zai zo, ko zai dawo?"

"Ya ce zai zo ya karɓi sikinsa, ya kawo miki naki."

"Don siki zai zo."

"Haka ya ce. Ni 'yar aike ce, kar ki cije ni."

Na ajiye waya na je na tsaya a gaban baƙin warin nan. In na miƙa masa, ba sauran abin da zai tilasta masa hawa barandar nan. Na yi tunanin ɓoye shi a ƙarƙashin gado, har na auna da ido, ba zai shiga ba. Mace mai shekaruna! Ban san akwai irin wannan a cikina ba.

Juma'a, 26 ga Janairu, da hantsi

Na ce wa Rudy ya huda min sabon jan. Ya tambaye ni sau biyu. Na tsaya har na ji ƙarar injin ya shiga.

Asabar, 27 ga Janairu, da yamma

Ya zo da hantsi. Ya rame, ko rigar ce ta yi masa yawa. Ya hawo baranda riƙe da shuɗina, ya wasa masa baki ya shafe shi da kaki har yana ƙyalli. Wari ɗaya fa, wanda ba mai hawa.

"Noreen."

"Wendell."

"An kwashe rufin gareji."

"Da kanta ta sauka."

Sai ya ga jajayen a jingine. Ya ajiye shuɗin, ya ɗauki ɗaya, ya dafa tsakiyarsa ya danna, kamar yadda yake yi wa kowane siki a duniya.

"Na wane ne?"

"Nawa."

"Wa ya zaɓa miki? Rudy? Wannan ai kashe ki zai yi."

"Ni na zaɓa. Na hau shi daga sama har ƙasa ban tsaya ba."

"Ko a wurin itacen?"

"Ko ganinsa ban yi ba."

Ya daɗe yana shafa bakin ƙarfen da babban yatsa. Na shiga na fito masa da nasa. Na ce ai dusar can Cranbrook ma na ji tana da kyau bana, shi ya sa yake sauri. Ya ce ba hawa zai yi ba. Ɗan ƙanen Murray ne zai saya, yana son su biyun a haɗe.

Wendell zai sayar da sikinsa. Mutumin da ya je ɗaurin aurenmu da ƙunar rana a hanci saboda ya hau dutse da safe. Na riƙe warin da hannu biyu.

"Ba na bayarwa."

"Noreen, don Allah."

"Ba na bayarwa sai ka gaya min."

Ya zauna a kan matakala, a kan dusa, bai ko kakkaɓe ba. Ya ce, "Da can ke nake jira a kwanar nan. Yanzu shekara uku ke nan ba ke nake jira ba. Numfashina nake jira. In na ga kin iso, sai in miƙe in yi kamar na gaji da jira."

Ni kuwa duk shekarun nan ina rage gudu don kada in rigaye shi, na ɗauka yana son gaba. Har da ba shi haƙuri in na iso.

Ya gaya min abin da likita ya ce tun bazara. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce ba zai iya zama yana kallon dutsen nan ta taga ba, shi ya sa ya yi tunanin mu sayar da gida mu koma bakin teku, inda ba tudu. Na ce sai ka tambayi dillaliya, ba ka tambayi matarka ba? Ya ce dillaliya ba za ta dube shi yadda nake dubansa yanzu ba.

Abin da na faɗa masa a teburin nan ya dawo min, kalma bayan kalma, da abin da yake ɗauke da shi lokacin da na faɗa. Na ba shi haƙuri. Ya ce shi ne da laifi. Na ce haka ne, amma duk da haka.

Yana kicin yanzu, bai cire rigar sanyi ba. Jakarsa na cikin mota. Ban tambaya ba, ina tsoron amsa.

Lahadi, 28 ga Janairu, da la'asar

A kujerar falo ya kwana. Da safe na ce likitan ya hana hawa dutse ne gaba ɗaya? Ya ce a'a, ya ce dai a hankali, a gangara mai sauƙi, irin ta masu koyo. Yadda ya faɗi "masu koyo" kamar ya tauna tsakuwa. Na ce to tashi.

Ni na shiga gaba. Jan nan ba ya son tafiya a hankali, masu sharhi ba su yi ƙarya ba, cinyoyina har zafi suke don riƙe shi. Duk inda na ji shirun Wendell ya yi nisa a bayana, sai in tsaya in hau gyaran safar hannu. Ba abin da ya sami safar. Ya sani. Yakan iso, ya jingina a kan sandunan zamiyarsa, mu yi ta kallon safar tare har kafaɗunsa su daina hawa da sauka.

A ƙasa ya cire sikinsa ya ce, "Ya isa. Je ki yi ɗaya ke kaɗai, daga can sama. Ina so in gani."

"Sai ka ɗauki mota ka gudu?"

"Makulli na aljihunki."

"Kana da na biyu, na san ka."

Ya ciro shi ya sa min a tafi.

Na hau. Na sauko yadda na sauko ranar Talata, ban rage komai ba, don ya ce yana so ya gani. Na taka birki a gabansa, dusa ta watsu har ƙirjinsa. Ya cire hula yana riƙe da ita a hannu, idanunsa sun yi ja.

"Ashe haka kike," ya ce. "Ni kuma na tsaya miki a gaba shekara talatin."

Na ce sanyi zai kama shi, ya shiga ciki ya sha miya, ko mu tafi gida. Ya mayar da hularsa, ya gyara tsayuwa.

"Ki sake."

Na sake, har aka tsayar da kujerun igiyar da ke kai mutane saman dutse. Ba mu yi maganar gida ba, ba mu yi maganar teku ba, ban san me bazara za ta zo da shi ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Duk saukowar da zan yi, tun daga kwanar ƙarshe nake ɗaga kai in duba gindin dutse. Yana nan.